Yadda ake gyara fuskar tsohon gida a Zariya: daga indararo zuwa fenti

Shekarun baya, ana saura mako uku bikin ƙanwata, Inna ta tsaya a ƙofar gidanmu na Tudun Wada ta ce, "Yanzu a haka baƙi za su zo su same mu?" Gaskiyarta. Fentin da ke jikin bangon tun Baba na da rai aka shafa shi, ya koɗe har ba ka iya cewa ga kalarsa. Na kira mai fenti, kwana huɗu ya gama, gida ya fito fes, masu wucewa na tsayawa suna sa albarka. Kafin watan Agusta ya ƙare, fentin gindin bangon ya kumbura ya fara saɓulewa kamar ɓawon albasa.

Na kai kukana wurin wani tsohon magini, abokin Baba. Ya zo ya ƙwanƙwasa bangon da bayan cokalin gininsa, ya ɗaga kai ya dubi indararo, sannan ya ce, "Ɗana, gidan nan ba fenti yake nema ba. Ruwa ke cin sa, kai kuma ka je ka ɗinka masa riga."

Tun daga ranar na san aikin fuskar gida yana da jeri, kuma fenti kusan shi ne auta. Ga yadda ake bin jerin.

Fara da kallo, kuma a cikin damina

Ana yin aikin da rani, amma ana gano ciwon gida da damina. Ranar da aka tsuge da ruwan Agusta, ɗauki lema ka fita ka tsaya a tsallaken layi. Ina ruwan rufi yake zuba? Ina yake kwanciya? Wane bango ne yake jiƙewa ya daɗe bai bushe ba? A nan ƙasar tamu hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowane shan duka, kuma shi za ka fi kashe wa kuɗi.

Ka ɗauki hoto da waya daga wuri uku: daga tsallaken hanya, daga gefen dama, daga gefen hagu. Ido yana sabawa da gidansa. Tsohuwar taya da ke jingine a bango shekara biyar, da ragowar bulo, da wayar da ke reto, ka daina ganinsu tuni, amma hoto zai nuna maka su kamar yadda baƙo yake gani. Daga nan ka bi bangon da ɗan ƙarfe kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara mai ƙarfi, filasta na nan da rai. Inda ya amsa kamar ganga, ta rabu da bulo, zagaye wurin da gawayi. Ka goga tafin hannunka a kan tsohon fentin, in ya fito da fari kamar ka taɓa alli, fentin ya mutu, sabo ba zai zauna a kansa ba sai an wanke.

In gidan gado ne, kada ka taɓa ko ƙusa sai ka zauna da 'yan uwa an yi magana. Na ga inda gyaran zaure ya haddasa gaba tsakanin wa da ƙane, don ɗayan ya ɗauka gyaran share fagen mallaka ne. In kuma aikin zai kai ga matsar da katanga, ko fasa shago a gaban gida, ka fara zuwa hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, wato KASUPDA, ka ji inda iyakarka take. Fenti da filasta ba ruwan kowa, amma cin hanya magana ce daban.

Sallami ruwa tukuna

Daga sama ake farawa. Kafinta ya hau ya duba kwanon rufi: ƙusoshin da suka ɗago, wuraren da tsatsa ta huda, da katakon bakin rufi, wanda yawanci shi ke fara ruɓewa. Sauya wannan katako kaɗai yana gyara fuskar gida fiye da yadda mutum zai zata, domin shi ne layin da ido ke fara bi. In kwanon tsatsa ce kawai ta mamaye shi bai huje ba, a goge shi da buroshin ƙarfe a shafa fentin rufi, ba sai an kwance ba.

Gidan da ke da soro ko rufin kankare da aka kewaye da rawani, indararo ne ransa. Gajeren indararo yana tsiyayar da ruwa a jikin bango, shi ne baƙin layin nan da kake gani ya sauko kamar hawaye. A sa mai tsawo wanda zai wurga ruwa nesa da bango, a liƙe gindinsa sosai, ko a haɗa shi da bututun roba ya sauko har ƙasa ya shiga kwata. Ka lura kada ya zuba a bangon maƙwabci. Saman katanga ma a yi masa hula ta siminti mai ɗan gangare, ta ɗan zarce bangon ta kowane gefe, don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jiki.

Sai ƙasa, inda nawa gidan ya kamu. A tsofaffin unguwanni irin su Sabon Gari da Tudun Wada da cikin Birni, kowace shekara ana zuba ƙasa da ɓaraguzai a layi, hanya tana hawa gida yana zaune inda yake. Wata rana sai ka tarar ƙasar waje ta yi daidai da daɓen ɗaki ko ta fi shi. Bulo kuwa yana tsotsar ruwa kamar soso, danshi ya haura kamu biyu ko uku, ya bar farin gishiri-gishiri, ya ture fenti. Maganinsa: a kwashe ƙasar da ta taru a gindin bango har daɓen cikin gida ya fi ƙasar waje da aƙalla inci 6. A zuba kankare a gindin bangon, faɗin ƙafa biyu zuwa uku, da gangare zuwa waje. A yashe kwata, a gyara inda ta fashe, a tabbatar tana tafiya. Ka zuba bokitin ruwa da kanka ka bi shi da ido har ya fita. In ya tsaya a wani wuri, aiki bai ƙare ba, komai rantsuwar birkila.

Kada ka manta da bututun banɗaki da na wanke-wanke da ke fitowa ta bango. Ɗigon da ba ya tsayawa rani da damina ya fi ruwan sama ɓarna.

Tsaga da filasta

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ma ta nan yake bi. Amma tsaga iri biyu ce. Akwai siririya kamar gashi, wadda ta bazu a filasta kamar saƙar gizo-gizo. Wannan ciwon fata ne. Akwai kuma wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko take hawa kamar matakala tana bin layin bulo, har kana iya tura bakin biro a ciki. Irin wannan, shafa mata ɗan dunƙulen siminti a wuri biyu, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka bar ta mako huɗu zuwa shida. In simintin ya tsage, ginin yana motsi, kuma magana ta wuce birkila. Nemi injiniyan gini ya duba tushe. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli ba a rasa wanda ya san wannan aiki.

Tsagar da ta tsaya cik, ga yadda ake ɗinke ta. A buɗe bakinta da kurfi ta ɗan yi faɗi, a share ƙura da buroshi, a jiƙa wurin, a cusa kwaɓi mai ƙarfi. In babba ce a shimfiɗa wayar kaji a kanta, ta zarce kamu guda ta kowane gefe, a kafe da ƙusa sannan a yi filasta a kai. Wanda ya shafe tsaga da siminti a sama-sama, badi war haka zai sake ganinta a wurin da ya bar ta.

Duk inda ka zagaye da gawayi a fasa a zubar. Gindin bangon da danshi ya ci kuwa a kankare filastarsa har ya wuce iyakar danshin da kamu ɗaya, a bar bulon tsirara ya sha iska mako biyu ko fiye kafin a rufe. Wannan jiran shi ne mutane ba sa so, kuma shi ne rabin aikin.

Wajen kwaɓi ka tsaya da ƙafarka. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon kwaɓa biyu. Filastar waje tana son kashi ɗaya na siminti, huɗu na yashi, wato buhu ɗaya ga kwano takwas, kusan baro biyu ke nan. Yashin ya zama mai tsabta, a tankaɗe shi. Damƙi kaɗan a hannunka, in ya dunƙule ya bar laka a tafi, ƙasa ta yi masa yawa, filastarsa za ta tsattsage. A kwaɓin gindin bango a zuba maganin hana shigar ruwa, ana sayar da shi a shagunan kayan gini, a bi ma'aunin da ke jikin leda. Kaurin filasta rabin inci ya isa. Bayan an gama a riƙa ba ta ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Da hunturu wannan ba abin wasa ba ne, busasshiyar iskar Disamba tana zuƙe ruwan siminti kafin ya kama, ka ga bango ya yi kyau amma kana goga yatsa yana zuba.

In bangon ƙasa ne

Nan zan ɗan daɗe, domin nan aka fi yin ɓarna da sunan gyara. Wanda ya taɓa ratsawa ta Ƙofar Doka ya nufi fada ya san Zariya ba baƙuwar ado a bango ba ce. Garin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19 da ƙasa da azara. Har yau a wasu lunguna za ka ga zaure da zankwaye a kansa, da zanen dagi ko takobi a saman ƙofa, wani ma har da keke. In gidanku na da irin wannan, kada ka bari a shafe shi don a ce an waye. Tayil ɗin da za ka manna a wurin, kowa da kuɗinsa zai saya gobe. Zanen kuwa wanda ya yi shi ya daɗe a kabari.

Abin da ya kamata ka sani shi ne siminti da ƙasa ba sa jituwa. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, yana ɗan kumbura yana komawa. Siminti ba ya bin sa. In aka lulluɓe tubali da filasta mai ƙarfi, sai ta rabu da shi a ɓoye, ruwa ya sami ƙaramar kafa ya shiga baya ya rasa hanyar fita, gara ta samu inuwa. Daga waje gida lafiya lau, kyan ɗan maciji, har ranar da faifan filasta guda zai faɗo da rabin bango a bayansa.

Magabata da yaɓe suke kare gini. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a yaɓe, sannan a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Akwai kuma laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da yauƙin tsiron dafara, wanda ake shafe soro da bangon da ruwa ke duka. Masu wannan sani sun yi ƙaranci, amma ba su ƙare ba. Tambayi dattawan unguwa ko mai unguwa, za a nuna maka. Yaɓe yana son a waiwaye shi bayan 'yan shekaru, wannan ne kuɗinsa.

In ka ce lallai sai siminti, to a yi shi da dabara. A kankare ƙasar da ta yi laushi, a cike ramuka da ƙasa irin ta ginin a bari ta bushe, a kafa dogayen ƙusoshi a ɗaure wayar kaji, a yi kwaɓi marar ƙarfi sosai, kamar ɗaya ga shida ko fiye. Saman bango da gindinsa su ne suka fi buƙatar kariya. Kuma kafin komai a duba bakin azara, in gara ta ci a sauya, a sa magani.

Get, tagogi da tarkace

Wannan ba ya cin lokaci. Mai walda ya yanke ƙasan get inda tsatsa ta cinye ya sa sabon ƙarfe, ya daidaita shi ya daina jan ƙasa. A goge da buroshin ƙarfe da samfefa, a shafa jan fentin nan na maganin tsatsa, sannan fentin mai, hannu biyu, wato a shafa sau biyu. Ƙarafan taga ma haka, kuma kala ɗaya da get. Tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, saboda haka a jiƙa wurin kafin a goge, mai aikin ya sa takunkumi, a kori yara daga wurin, a share garin a zubar nesa. Ragar sauro da ta yage a sauya, gilashin da ya fashe aka toshe da kwali a sa sabo.

Wayoyin lantarki da na dish da suka yi rawani a gaban gida, mai gyaran wuta ya tattara su cikin bututu ɗaya, ya cire matattu. Wayar da ta taso daga fal ɗin wuta kuwa ba ta mai fenti ba ce. A lura da ita sosai lokacin da ake kafa tsani, musamman na ƙarfe.

Yanzu sai fenti

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bango ya bushe kuma ƙurar hunturu ba ta kankama ba. Sabuwar filasta tana son mako uku zuwa huɗu kafin fenti ya hau ta. Wanda ke son gida ya yi kyau da Salla ko biki, ya ƙirga baya ya fara da wata biyu, kada ya yi irin tawa.

Zaɓen kala ba a jikin katin shago ake yin sa ba. Sayi ƙananan gwangwani biyu ko uku, ka shafa kowanne a bango faɗin tabarmar salla, ka dube su da safe, da tsakar rana, da la'asar. Ranar Zariya tana wanke kala, abin da ka gani mai sanyi a shago zai iya fitowa yana kashe ido. Ka tuna kuma da jar ƙasarmu. Fari tas kwana kaɗan ne zai koma ruwan goro. Kala mai duhu tana tara zafi a watan Maris da Afrilu, kuma ita ke saurin koɗewa. Ni dai ruwan madara, ko ruwan ƙasa mai haske, ko ruwan toka mai sanyi na fi amincewa da su a jikin bango, sannan a ja ɗamara mai duhu a gindi, tsawon ƙafa biyu zuwa uku, inda ruwa ke fantsama da inda awaki ke goga jiki. Kala uku sun isa gida: ta bango, ta ɗamara, ta ƙarfe. In akwai zanen gargajiya, shi kaɗai za a bari ya yi magana da kaloli masu haske, sauran bango ya yi shiru.

Fentin nan mai ƙurji-ƙurji yana ɓoye aibin filasta, shi ya sa birkiloli ke son sa, amma kowane ƙurji mazaunin ƙura ne, kuma wanke shi wahala. A gidan da ke bakin hanyar da ba kwalta, mai santsi ya fi.

A kankare duk fentin da ya ɗago, a wanke bango da buroshi da ruwa, inda ya yi gansakuka a sa ɗan bilic, a ɗauraye, a bari ya bushe. A shafa fentin share fage hannu ɗaya, musamman a sabuwar filasta, sannan fentin waje hannu biyu, da tazarar da aka rubuta a jikin bokiti. Ka tabbatar na waje ne, domin na cikin ɗaki ya fi araha kuma a ido kamarsu ɗaya, sai damina ta raba gardama. Araha ba ta ado. Auna tsawo da faɗin bangon, ka cire ƙofa da tagogi, ka duba abin da bokiti mai lita 20 ya ce yana rufewa, ka sayi duka a lokaci ɗaya don kala ta zo daidai.

Ka sayi fentin da kanka, ka yi jinga a kan aikin hannu kawai, kuma biya ya bi aiki kashi-kashi. Wanda ya yi mini na farko, da na bar masa komai, bokiti ɗaya ya mayar biyu da ruwan rijiya. Da na yi magana ya ce, "Alhaji, ai haka ake yi, in ya bushe zai fito." Bai fito ba. A riƙa bin inuwa, bangon yamma da safe, na gabas da yamma, don rana tana busar da fenti kafin ya kama.

Dakali, haske da inuwa

Gidan Bahaushe ba ya cika sai da wurin zama a ƙofa. In akwai dakali a gyara gefensa da ya gutsure, a shafe samansa da siminti mai santsi, a ba shi kalar ɗamara. Filin gaban ƙofa, in da hali a shimfiɗa intalok a kan yashin da aka daddage, da gangare zuwa kwata. In babu, tsakuwa ko birji da aka daɓe da kyau ya wadatar, ya fi taɓo. Murfin kwata a bakin get a yi shi yadda za a iya ɗagawa a yashe, kada a rufe ruf.

Fitila ɗaya mai sola a saman ƙofa, wata a kusurwar katanga, a kafa su inda hannu ba ya kaiwa. Lambar gida a rubuta ta da kyau a wuri ɗaya, a goge tsofaffin lambobin ƙidaya da na rigakafi da suka cika ƙofa.

Itace kuwa a yi hattara. Darbejiya da mangwaro inuwarsu daɗi, amma saiwarsu tana ɗaga kankare tana fasa kwata, kada a dasa su ƙasa da taku goma daga bango. Inda wuri ya matse, lalle ko zogale ko lemun tsami sun fi, su ma a ɗan ja su daga gindin gini don ban ruwa kada ya dawo da danshin da aka kora. Kowane dashe a kewaye shi da kwando ko bulo, in ba haka ba akuyar maƙwabta za ta gama da shi kafin azahar.

Ragowar fentin a rufe shi ruf, a rubuta sunan kalar da bangon da aka shafa a jikin murfin, a ajiye a inuwa. Ranar da ruwan farko ya sauka a watan Afrilu ko Mayu, ka sake ɗaukar lemar nan ka tsallaka layi ka tsaya inda ka tsaya bara, ka bi ruwan da ido daga bakin indararo har ya shige kwata.